Ɗakin Boyi

Idan kana neman mutumin da bakinsa ke riga hannunsa isa wurin aiki, ka bi hanyar Ƙonni a Illela ka tambayi rumfar Boyi mai gyaran inji. Ba ma sai ka tambaya ba, muryarsa za ta jawo ka. Amma a yi masa adalci, hannun ma ba baya ba ne. Injin ban ruwa ko janareta, duk wanda ya ƙi tashi, in aka dire shi gaban Boyi sai ya ja igiya, ya kara kunne, ya dubi mai shi ya ce, "Kai kac cuce shi, ba shi yac cuce ka ba." Sannan ya kwance, ya hura, ya ɗaure, inji ya kama ruri. Shekara da shekaru masu lambun Kalmalo ba su san wani mai gyara ba sai shi.

Ana nan sai man fetur ya yi tashin gwauron zabo. Mai lambu ya duba ya ga abin da inji ke sha ya fi abin da albasa ke kawowa. Wani ya sayo farantan sola ya kafa a bakin rijiyarsa, ruwa ya zubo ba hayaƙi ba ƙara, maƙwabcinsa ya leƙo ya gani, shi ke nan. Masu shaguna da masu cajin waya na cikin gari su ma suka bi sahu. Masu koyon aiki a wurin Boyi suka zame ɗaya bayan ɗaya, ya rage daga shi sai benci da tsintsiya. Rumfar da a da ba a samun sukunin share ta, ta koma ta fi kowace tsabta a layin.

Babba a cikin masu lambun Kalmalo shi ne Muhammadu Lawal, wanda kowa ke kira Lawali, kuma Boyi ne mai masaukinsa. Duk Asabar da la'asar yakan shigo da albasarsa don cin kasuwar Lahadi, ya kwana a zauren Boyi, su ci tuwo kwano ɗaya. Shi ne ya fara kawo masa shawara, lokacin da masu kafa sola suka zo daga Sakkwato.

"Taho ka tsaya kusa gare su ka ga aikinsu," in ji Lawali. "Da irin hannunka, kwana kaɗan ka iya."

Boyi ya yi tsaki. "Ni? Da hurhurata in koma ɗan koyo gaban yara masu matsattsen wando? Madubi kunka saya kunka shanya cikin gona, Lawali. Bari hadari shi taso, nan za ku zaka da kuka."

Baki dai ba ya cika tukunya. Wata Asabar ta zo gidan Boyi babu ko ƙwayar gero, ga baƙo a zaure. Matarsa Iklima ta yafa mayafi ta shiga maƙwabta, ta dawo da tuwo a rufe. Boyi ya karɓa ya fito da shi zaure, ya ce shi cikinsa ke ciwo, Lawali ya ci kawai. Yana kallo Lawali ya kai lomar farko, ya ɗan dakata, ya dubi kwanon, ya ci gaba. Mutumin da ya shekara yana shan miyar Iklima ba zai kasa gane hannun wata ba, kuma kwanon ma ba na gidan ba ne. Amma Lawali ya cinye ya yi hamdala, ya kawo zancen tsadar taki, Boyi kuwa ya ɗauka ya tsira.

Ba a daɗe ba sai injuna suka fara dawowa.

Na farko Sabi'u ne ya kawo shi, wani mai lambun tattasai, ya ce ya ƙi tashi. Mako na gaba wani ya kawo nasa, na gaba ma haka. Ba ranar kasuwar da za ta wuce ba a sauke wa Boyi inji daga Kalmalo ba, wani lokaci har biyu. Ba su cika biya da kuɗi ba, sai dai wannan ya dire albasa, wancan alkama, wani busasshen kifi. Hayaƙi ya koma tashi a gidan Boyi safe da yamma. Da cikinsa ya cika, bakinsa ma ya dawo, kuma ya dawo da ƙarfin da ya fi na da.

"Ban hwaɗa muku ba?" yakan ce da masu zama a bencinsa. "Ga su nan suna dawowa ɗaya ɗaya. Inji uba na!"

A gaskiya akwai abubuwan da ya kamata mai gyara irinsa ya tsaya a kansu. Igiyar tayarwa takan zo a yanke sumul, ba irin tsinkewar tsufa ba, sai ya ce ɓera ne. Tanki yakan zo a bushe ƙamas, ko warin mai babu, sai ya ce rowar manoma ce, sun tsiyaye kafin su kawo. Wata rana ya tarar da gidan zanzaro cikin salansa, ginin laka tsaf, ya fasa shi da sukundireba yana yi wa mai injin faɗan ƙazanta. Har Lawali ya ari sifanar fuloginsa, wai don ko-ta-kwana, bai dawo da ita ba, Boyi ya ce ai manomi da kayan aro sai addu'a. Mutumin da yunwa ta saki bai cika bincikar hannun da ya miƙo masa ba.

Lawali ne ya fi shan bakin. Da ya doso rumfa Boyi zai ɗaga murya yadda har masu shayi na tsallaken titi za su ji. "Ga sarkin madubi nan! Ƙaƙa rana, ta yi muku yaji?" Jama'a su kwashe da dariya. Wata Lahadi ma, da ya ga taron ya yi kauri, sai ya zarce. "Kai kaj ja mutane cikin hasara, Lawali. Wallahi da ni na kai, da na ɓoye huskata, ban ƙara shiga kasuwag ga."

Lawali ya shafa gemu ya yi murmushi. "Allah shi huci zuciyarka, Boyi. Gyara muna dai."

A cikin wannan annashuwa ce Mukhtari mai shagon kayan gyara ya zo masa da magana. Zai tashi daga sayar da kayan inji ya koma batir da waya, yana son mai kwashe abin da ya rage gaba ɗaya: fistin, ringi, kafireto, fulogi, tiyo, duk a farashin da bai kai na sari ba. Boyi ya yi ta juya abin a ransa. Tunda injuna sun dawo, wanda ya riƙe kayan gyara shi zai riƙe kasuwa, Mukhtari kuwa wawa ne da zai bar gari ana gobe biki. Matsala ɗaya ce, ba shi da abin saye. Abin da ke akwai a gidan mai daraja guda ne, kuma ba nasa ba ne: saniyar da Iklima ta gada wurin mahaifiyarta, wadda ke kiwo hannun wani Bafulatani mai suna Abu a bayan Amarawa. Saniyar ma ciki gare ta.

Ya same ta tana tankaɗe a tsakar gida, ya zauna bakin turmi ya shimfiɗa mata zancen tiryan-tiryan. Aro ne kawai. Kafin damina ta faɗi zai mayar mata da wadda ta fi ta. In ta yarda, zai aika wa Abu ya koro ta kara, kasuwar dabbobi, ranar Lahadi.

Iklima ta ci gaba da tankaɗenta. Rariya na hannunta, gari na zuba, har ya fara tunanin ba ta ji ba.

"Malam," ta ce, "saniya ba ta hi ƙarhinka ba. In ka ce a kai ta kara, a kai ta. Amma ina roƙon alfarma guda."

"Mi?"

"Injin ga na Lawali da yab bari rumfa, kai mai shi da kanka har Kalmalo. Ka tsaya ka ga shina jan ruwa. In ka dawo sai ka aika ma Abu."

"Mi ya haɗa kihi da kaska? Ko aikina kike shakka?"

"Ban taɓa shakkar aikinka ba. Gani dai ya kori ji."

Ya tashi da fushi, yana cewa mata kenan, ka kawo musu zancen arziki su kawo maka zancen yawo. Amma saniya tata ce, kuma Lawali ya bar injin ne don ya ɗauki taki a wancan makon, ba laifi in an rage masa kaya. Ranar Talata da hantsi Boyi ya ɗaure inji a bayan tsohon babur ɗinsa ya kama hanya.

Kunnensa ne ya fara gaya masa. A da, tun kafin ka hango fadamar Kalmalo kake jin ta, injuna na ruri ta ko'ina, mai lambu in zai gai da maƙwabcinsa sai ya yi ihu. Yau da ya kashe babur a bakin lambuna sai ya ji kukan kurciya. Ya ji ruwa na gudu cikin magudana, ya ji wani can nesa yana tambayar wani ya gajiya, wancan ya amsa ba tare da ɗaga murya ba. Ya duba gabas ya duba yamma, baƙaƙen faranti ne a jingine suna kallon sama, albasa kore shar a ƙarƙashinsu. Ya tsaya ya kasa kunne da gangan, ko inji ɗaya bai ji ba.

Ya ce a ransa ai yau rana ta buɗe ne, injuna na ranar hadari ne. Ya ƙi shiga lambu, ya tayar da babur ya nufi cikin gari.

Lambun Lawali ya sha zuwa, amma gidansa ba sosai ba, kuma ko da ya zo iyakarsa ƙofa. Ya yi sallama. A cikin zaure ya tarar da wata tsohuwa a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa da lalube, idanunta sun yi yana. Shafa'atu ce, mahaifiyar Lawali, wadda tsufa ya fito da ita zaure don ta riƙa jin motsin mutane.

"Wa na?" ta ce.

"Inji nik kawo, Inna. Na Lawali."

"Shina lambu. A'a, yau ko ba Lahadi ba. Ɗan kabu-kabu na anka aiko? To sannu da rana. Shiga da shi nan hannunka na dama, ɗakin Boyi. Tura ƙyauren, ba a kulle shi."

Boyi ya tsaya da inji a rungume. Ya ɗauka kunnensa ne. Ya tura ƙyauren da kafaɗa ya shiga.

Tsohon ɗakin ajiyar albasa ne, haske na shigowa ta wata 'yar taga. Injuna ne a jere jikin bango, wasu kan wasu, kuma babu wanda bai sani ba. Ga jan nan na Sabi'u da ya sa wa sabuwar igiya, ƙullin hannunsa ne a jikinta, fara tas, ba a taɓa ja ba. Ga wanda ya wanke wa kafireto, ƙura ta rufe shi. A tsakanin biyu na ƙarshe kaza ce ke kwanci, ta dube shi ta yi masa gunaguni. A bayan ƙyaure, kan ƙusa, an rataye wata 'yar wuƙa, kusa da ita kuma sifanarsa ta fulogi.

Ya sauke injin a hankali. Muryar da ta fito daga bakinsa, masu shayin Illela ba za su gane ta ba.

"Inna, wane Boyi?"

"Ba ka san shi ba? Halan kai baƙo na Illela." Tsohuwa ta gyara zama, ta sami abokin hira. "Mai gyaran inji na, wanda sola tak kashe ma kasuwa. Wata Lahadi ɗana yad dawo ya ƙi cin abinci. Nic ce lahiya? Yac ce, Inna, tuwon aro nic ci gidan abokina. Da Juma'a taz zagayo anka zamna bayan salla, anka ce a tara hatsi a kai mai. Lawali yac ce, kun san Boyi kuwa? In kunka kai mai sadaka, ko shi watsa muku ita ga huska, ko shi bar garin da iyalinai. Shi na anka tattaro injunan da kowa yay yar, anka aje nan. Wanda layi yaz zo kainai, sai shi zaka shi ɗauki guda, shi ɓata wani abu, shi kai gyara."

Ta yi dariya har da tari. "Manomi ko mi yas sani ga ɓata inji? Wannan shi yanke igiya, wancan shi tura ƙasa cikin tiyo. Har gardama su kai min nan, kowa shina son marar nauyi."

Boyi ya dafa bango.

"To don mi?" ya ce. "Mi yai musu?"

"Kai yaro na, ba ka san shekarar da tabkin garin ga yaj ja baya ba. Injuna sunka riƙa shan laka suna mutuwa, albasa na ƙonewa, maza na kuka kamar mata. Mutumen ga yab baro rumfatai yaz zo yana kwana cikin fadama, sauro na ci nai, lambu bayan lambu, bai karɓi ko anini ba. Ban taɓa ganinai ba, amma ni nir riƙa dama mai hura ina aikawa. Alheri danƙo na, ɗana."

Shi Boyi har ya manta da shekarar nan. Abin da ya riƙe a cikinta kawai shi ne furar, mai yawan citta, wadda ya yi ta tsiyar cewa manoma na son kashe shi da yaji.

"An ce dai bakinai ya hi inji ƙara," tsohuwa ta ci gaba, tana lalubar gyaɗa. "An ce har zagin ɗana shi kai cikin kasuwa, gaban mutane. Raina yaɓ ɓaci, nic ce, Lawali, ka ci da mutum shi zage ka? Yac ce, Inna, bar shi. Ranar da nij ji ya bar zagina, to na san ba a aza tukunya gidanai ba."

Kunya ta rufe Boyi tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Ba irin wadda ake ji in an kama mutum da ƙarya ba, wannan ta fi ta nauyi, don babu wanda zai yi wa fushi ya huce. Ya miƙa hannu ya taɓa sifanarsa, ya janye. In ya ɗauka za a san wanda ya shigo. Ya fito ya ja ƙyauren.

"Ga ruwa nan cikin randa, sha," in ji tsohuwa. "Kai dai ɗana, tunda kana shiga Illela, ka ji ni da kyau. Ciki ba don tuwo ɗai anka yi shi ba. Kak ka bari wagga magana ta kai kunnenai, bawan Allah na, shina da iyali. Amana ta nib ba ka. Mi sunanka?"

Mutumin da duk Illela ta san sunansa ya tsaya gaban makauniyar tsohuwa ya kasa faɗin haruffa huɗu.

"Ɗan kabu-kabu na dai, Inna."

"To Allah shi tsare hanya."

Da ya fito daga gari ya hango Lawali daga nesa, tsaye a lambunsa da fartanya a kafaɗa, sai ya karkata ya bi ta bayan gonaki. A hanya ya tsaya gindin wata bagaruwa ya zauna a ƙasa. Maganarsa ta ranar nan ce ta yi ta dawo masa, da muryarsa, da dariyar jama'a: da ni na kai, da na ɓoye huskata. Ya tuna yadda Lawali ya shafa gemu. Ya tuna faɗan ƙazantar da ya yi wa mai injin nan na gidan zanzaro, mutumin na tsaye yana ba shi haƙuri, da ƙullin alkama a hannu. Baki shi ke yanka wuya, amma nasa wuyan wasu ya yi ta yanka, su kuma suna kawo masa cefane.

Ya iso gida bayan azahar. Iklima na yanka albasa, albasar Kalmalo. Ta yi masa sannu da zuwa ta kawo ruwa, ba ta tambaye shi komai ba.

"Tun yaushe kis sani?" ya ce.

"Tun sunan gidan Sabi'u. Matatai tas saki baki, ba ta san ina bayanta ba."

"Kik ƙyale ni ina haushi cikin kasuwa kamar kare?"

Ta ajiye wuƙa. "Malam, na ga lokacin da kake hita da sahe kanka ƙasa, ba ka duban kowa. Na kuma ga lokacin da kake hita da akwatin aiki kana waƙa. Wanne kake so in zaɓa?"

"Da ba don saniya ba, ke nan ba ki hwaɗi."

"Ko yanzu ai ban hwaɗi ba."

Ya dubi tukunya a kan murhu, ya dubi buhun alkama a jingine, ya ga duk gidan ba abin da bai bi ta ɗakin nan ba.

"A bar ta ta haihu," ya ce.

"To," in ji Iklima, ta ɗauki wuƙarta.

Da abinci ya nuna ta ajiye masa, ya ci, don yunwa ba ruwanta da kunya. Amma bai ce miya ta yi gishiri ba, bai ce ta yi lami ba, abin da bai taɓa faruwa ba a gidan.

Sauran kwanakin makon ya yi su a rumfa shiru, har mai shayi ya aiko a tambaya ko ba shi da lafiya. Ya yi tunanin ya tsallaka Ƙonni ya ɓace inda ba a san shi ba. Ya yi tunanin ya tara su ya ce ba ya so, su riƙe albasarsu. Sai ya ga wannan shi ne daidai abin da Lawali ya ce zai yi, kuma in ya yi, ya tona mutanen da suka rufa masa asiri. Ya yi tunanin ya yi kamar bai sani ba, ya ci gaba da ɗaura igiyar da aka yanke da wuƙa har tsufa. Wannan ne ya fi sauƙi, kuma shi ne ya fi tayar masa da zuciya.

Ranar Asabar da la'asar benci ya cika kamar kullum. Mukhtari ya iso yana murza hannu.

"Ƙaƙa, Boyi? Gobe saniya na shiga kara?"

"Na hwasa."

"Ka hwasa? A'a! Jama'a ku ji, uwargida ta hana!"

Aka yi dariya. A da, da Mukhtari bai bar wurin da sauran mutunci ba. Yau Boyi ya haɗiye, ya ci gaba da goge wata sifana da ba ta da datti.

Sai ga babur ɗin Lawali, buhun albasa a gaba, inji a baya. Ya sauka ya gaisa da jama'a, ya dubi Boyi da kyau.

"Ka yi ɗawainiya, Boyi. Inna tac ce ka aiko min da inji hannun wani ɗan kabu-kabu."

"Ba komi."

Lawali ya saki numfashi kaɗan. Ya kwance na bayan ya dire, ya haɗa fuska irin ta mai ƙorafi. "To ga wata tsiyar kuma. Ina ja, igiya tat tsinke."

Boyi ya ɗauki bakin igiyar ya duba. Sumul. Masu benci suka gyara zama, mai shayi ma ya leƙo, kowa na jiran abin da aka saba. Lawali shi ma jira yake, har ya kai hannu gemu. Boyi ya gane in bai yi zagin nan ba, mutumin nan zai kwana yana tunanin ko ba a ɗora tukunya ba. Ya buɗe baki.

"Sarkin madubi," ya ce, sai ya kasa ƙarasawa. Ya yi kamar tari ne, ya durƙusa kan injin.

"Kama min nan," ya ce.

Lawali ya tsuguna ya riƙe. Boyi ya kwance murfin, ya zare guntuwar igiya, ya zura sabuwa, ya naɗe. Kawunansu sun kusa haɗuwa, duka biyu furfura. Bai ɗago ba ya yi magana, ƙasa-ƙasa, yadda benci ba zai ji ba.

"Litinin ina tahe Kalmalo. Ka samo wanda zai nuna min cikin injin solag ga naku. Ko yaro na mai matsattsen wando, in zamna gabanai."

Lawali ya juyo ya dube shi.

"Sifanata kuma bar ta inda take, bisa ƙusa, ni ɗauka da kaina." Boyi ya ja ƙulli ya matse. "Ka gaishe da Inna. Ce mata ɗan kabu-kabu ya riƙe amana, bai hwaɗa ma kowa ba."

Hannun Lawali ya saki injin, ya sake kamawa. Shi da ya ciyar, shi ne ya sunkuyar da kai kamar wanda aka kama da kayan sata, har gemunsa na taɓa tanki.

"Boyi!" wani ya kira daga benci. "Yau ba a taɓa sarkin madubi?"

Boyi ya jawo 'yar kwalbar man da yake tattali don gwaji, ya juye ta duka a busasshen tankin, ya taka inji da ƙafa ya ja igiya. Tashi ɗaya ya yi, don dama ba abin da ya same shi. Ƙara ta cika rumfa, hayaƙi ya turnuƙe, masu benci suka ja baya suna toshe kunne. Su biyun suna nan tsugune, kowa na kallon injin, kowa na share ido da hannun riga wai hayaƙi ne. Boyi bai kashe shi ba sai da man ya ƙare.